Sawun 'Yar Ɗorawa

Ruwa ya ɗauke ke nan, can tsakiyar dare, sai Baba Ɗayyabu ya ji wani abu ya yi nishi a ƙarƙashin benen da suke zaune. Ba tsawa ba ce, don tsawar Kuala Lumpur daga sama take faɗowa kamar an saki faranti. Wannan daga ƙasa ya taso, ya biyo ginshiƙan gini hawa-hawa har ya shigo ƙafafun gadonsa. Ya yi kama da kukan bijimin da ya faɗa rijiya, sai dai babu tsoro a cikinsa. Abin ya yi gurnani, ya ja numfashi, ya yi ɗan tari, ya sake ɗaukar murya sama da ta farko, sannan ya yi nisa ta wajen layin dogo har dare ya haɗiye shi.

Tsohon ya yi murmushi a duhu, ya ja bargo. Ya ɗauka mafarki ne, domin tun da ya zo garin nan mafarkinsa ya fi farkensa yawan dabbobi.

Baba Ɗayyabu mutumin Maigatari ne. Bin sawu ne sana'ar da ya tashi a cikinta: in an kore wa mutum raƙumi ko saniya, shi ake kira, ya sunkuya ya yi hira da ƙasa har ta gaya masa inda aka nufa. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Hasna ta ɗauko shi zuwa unguwar Sentul, inda take zaune da mijinta mai koyarwa a jami'a. Sai ga shi a garin da aka lulluɓe ƙasarsa da siminti kaf, babu inda ƙafa za ta bar magana. Don haka ya koma kallon guza. Akwai wani ƙato a lambatun bayan benen, mai jan ciki da kasala, tsohon yakan wuni yana kallonsa, aljihunsa cike da tarkacen da ya tsinta a hanya: maɓalli, gashin tsuntsu, rabin tabarau.

Da safe ya sauko zai je gaida guzan, sai ya ji hayaniya daga ƙasa, wurin ajiye motoci.

*

Duk Hausawan benen suna can. A tsakiyarsu Alhaji Maitama yake tsaye da jallabiyar barci, yana kallon wani fili a ƙasa kamar mai kallon kabari.

Alhaji Maitama ɗan kasuwa ne, yana loda kayan gyaran mota a kwantena zuwa Kano. Amma abin da aka san shi da shi motocinsa ne na tsere guda uku, waɗanda ya killace a lungu da igiyar alharini. Akwai ja daga Italiya, akwai mai ruwan azurfa daga Jamus, sai ta ukun, ruwan ɗorawa, wadda aka ce 'yan kaɗan aka ƙera irinta a duniya aka daina. Matan benen suka sa mata 'Yar Ɗorawa. Sitiyarinta a hagu yake irin na gida, ba kamar motocin ƙasar nan ba. Ba a hawansu. Darajar irin waɗannan motoci, in ji Alhaji, a rashin tafiya take. An sa musu na'urar tsotse laima don kada fatar kujeru ta yi fumfuna, an jona musu waya a batir kamar majinyata, kuma duk sati akan tura kowace taki ɗaya gaba don kada taya ta gaji da tsayuwa wuri guda. Alhaji yakan kawo kujera da shayi da yamma ya zauna yana kallonsu.

Yau ja tana nan, mai azurfa tana nan. Wurin 'Yar Ɗorawa babu komai sai lulluɓinta, an naɗe shi tsaf an ajiye a kan bokiti.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Daso, maƙwabciyar Alhaji mai dafa wa ɗalibai tuwo. "Har da ninke kaya. Ni nawa yaran ko zanen gadonsu ba sa ninkewa."

Ba wanda ya yi dariya, don idanu duk sun koma kan Ƙasimu. Ƙasimu ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu, magidanci, shi ke goge motocin yana tayar da injinsu duk sati. Ban da mutanen gidan Alhaji, shi kaɗai ya san inda mabuɗan suke.

"Ina ka kwana jiya?" in ji Alhaji, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ƙasimu ya sunkuyar da kai.

"Matarka ta ce ba ka shigo ba sai asuba. Ina ka kwana, Ƙasimu?"

"Wallahi Alhaji ban taɓa ta ba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Alhaji ya zaro waya. Malam Bahauddeen, shugaban ƙungiyar 'yan arewa na unguwar, ya riƙe masa hannu. Kowa a wurin ya san abin da kiran nan yake nufi. Bizar Ƙasimu tana hannun hukuma ana sabuntawa. In 'yan sanda suka tafi da shi, ko ya fito da gaskiya karatu ya ƙare, sai jirgi. Ga matarsa Mubina tsaye jikin ginshiƙi da tsohon ciki, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ka ba mu zuwa magariba, Alhaji. In ba ta fito ba, ni da kaina zan raka ka ofishinsu," in ji Malam Bahauddeen.

"Zuwa magariba," in ji Alhaji. "Ba don shi ba, don ke," ya nuna Mubina da haɓa, ya juya ya shiga lif.

Mubina ce ta tako har gaban tsohon. "Baba, Anti Hasna ta ce a gida kai ake kira in abu ya ɓata."

"Abu mai ƙafa huɗu, 'yata."

"Ita ma huɗu gare ta, Baba."

Ya dube ta, ya dubi filin da babu komai. Sai ya ji tafin ƙafarsa yana masa ƙaiƙayi, irin wanda ya manta da shi.

*

Mai gadin ƙofa ɗan Nepal ne, siriri mai yawan murmushi. Hasna ta yi musu tafinta. Ya ce kyamarorin sun mutu tun tsawar makon jiya. Ya ce ya ji ƙara, ya fito daga banɗaki da gudu, bai ga kowa ba. Kuma ya rantse sandar da ke tare ƙofa ba ta ɗaga ba ko sau ɗaya tun sha biyu, don sai an nuna mata kati take ɗagawa, kuma tana ƙara in ta ɗaga.

Kafin hantsi labari ya zagaye benen cewa motar ba ta ƙofa ta fita ba. Daso ta ce dama ita tun da ta ji an ce mota tana da na'urar numfashi ta san ba a zauna da ita kaɗai ba.

Baba Ɗayyabu ya koma ƙasa, ya tsaya jikin jar motar, ya auna tsayinta da jikinsa. Iyakar ɗamararsa. Ya hau ya tsaya jikin sandar ƙofa. Ta wuce ɗamararsa da kusan taki. Ya yi dariya shi kaɗai har mai gadin ya leƙo.

"Baba lafiya?" in ji Hasna.

"Ta ƙarƙashi ta bi. Ko sunkuyawa ba ta yi ba. Allah mai halitta, yanzu har mutane sun ƙera guza."

Ya durƙusa a bakin hanyar fita, ta hannun hagu, inda duk motar da za ta bar benen take bi. Akwai tudun siminti a gicciye, irin wanda ake yi don rage gudu. Abu mai jan ciki haka, in ji shi a ransa, dole ya bar fata a kan tudu. Ya shafa, ya sansana, ya kwantar da kunci. Babu komai sai baƙin taya na motocin kowa.

*

Ƙasimu yana zaune a matakalar bayan gini, ya haɗa kai da gwiwa. Tsohon ya zauna kusa da shi, ya ciro gashin tsuntsu daga aljihu yana juyawa.

"Ni ba ɗan sanda ba ne, ɗana. Ko Turancin da za a kai ƙara da shi ba ni da shi."

Ƙasimu ya ɗago kai. "Tuƙi nake yi da dare, Baba. Motar wani ɗan ƙasa nake karɓa, in kai mutane filin jirgi in dawo. Haihuwa ta matso. Kuma takardata ta ɗalibi ce, ba ta yarda da wannan ba. In na ce ina gida, ƙarya. In na faɗi inda nake, na kama kaina da kaina."

"Tun yaushe kake tuƙi a garin nan?"

"Tun zuwana. Ko ido rufe na san hanyar filin jirgi."

"Ita 'Yar Ɗorawa, ka taɓa fita da ita?"

"Ni? Tayar da ita kawai nake yi, ta yi ɗumi in kashe. Fetur ma ɗan kaɗan Alhaji yake bari a zuba, wai yana tsami in ya daɗe."

"In ka tayar da ita, tana tari? Haka, tsakanin murya da murya?" Tsohon ya kwaikwayi kukan da ya ji: gurnani, numfashi, ɗan tari, sannan sama.

Ƙasimu ya girgiza kai. "Wannan ai canjin giya ne, Baba. Amma tarin ban san shi ba."

*

Falon Alhaji Maitama sanyi ƙalau, yana ƙamshin turaren wuta da man goge fata. A bango akwai akwatin gilashi mai ƙusoshi uku, kuma mabuɗai uku ne rataye. Na 'Yar Ɗorawa yana wurinsa.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Ya kai ta inda zai kai ta, ya dawo ya rataye don a ce ba shi ba ne. Ƙofar kicin ba ma kulle ta, ya sani."

A bakin ƙofa tsohon ya ga takalman ƙwallo jiƙe sharkaf, da laka a gindinsu. Na Fa'iz ne, babban ɗan Alhaji, wanda aka haifa a nan, saurayi mai gashi kamar gidan tsuntsu. Aka taso shi daga barci.

"Jiya ina ka je, samari?"

"Mamak, Baba, gidan abincin nan. Kallon ball." Hausarsa tana fita a karkace kamar an aro ta. "Muka yi makan, muna gama cin abincin ruwa ya kama mu, muka dawo da ƙafa."

"Ba ka sha'awar motar babanka?"

"Wannan? Ba boleh lah, ba zan iya ba. Feda uku gare ta. Ni biyu na iya."

Abokansa har huɗu suka tabbatar ta waya, kuma lakar takalmin da tsohon ya murza a yatsa tana warin miyar kari da ruwan wanke-wanke. Ya mayar da takalmin ya ajiye, yana ɗan jin kunya, don har ya fara ɗaure yaron a zuciyarsa.

Zai fita sai ya ji an ce, "Malam, ba a gaisawa?"

A baranda wata dattijuwa take zaune a kujerar roba, carbi a hannu, sandar asibiti mai gindin roba jingine a gefenta. Hajiya Ɗelu ce, yayar Alhaji. An kawo ta daga Kano za a yi mata aiki a ƙugu, kuma tun zuwanta ba a ganinta sai a lif, ranar ganin likita.

"Hajiya, ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi nasa, Malam. Jibi za su yanka. Likita ya ce ƙafar dama bayan aikin sai yadda Allah ya yi, wataƙila ta taka, wataƙila ta zama ado." Ta dubi garin da ke ƙasa, dogayen gine-gine cikin hazo, da layin dogo miƙe kamar an ja zare. "An ce yaron nan za a kira wa 'yan sanda."

"In magariba ta yi."

Carbin ya tsaya a hannunta. "Ai za a gan ta kafin nan. Abu ruwan ɗorawa ina zai ɓuya?"

"Ke ba ki ji kukanta jiya ba?"

"Ni da nake shan maganin barci?"

"Kin yi asara. Na daɗe ban ji abu mai daɗinsa ba." Ya rufe ido ya sake kwaikwayo, a hankali: gurnani, numfashi, ɗan tari. Da ya buɗe ido sai ya ga ƙafarta ta hagu, a ƙarƙashin zane, ta danna ƙasa sau biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauka ciwo ne yake motsa ta.

"Gwaggo ma ta san mota," in ji Fa'iz daga falo, yana hamma. "Daddy ya ce ita ta koya masa."

"A a-kori-kurar babanmu," in ji ta. "Tumatir nake ɗaukowa daga Kura tun yana tsallen kwaɗo. Yau ko buta na ɗaga sai a ce Yaya ajiye, Yaya zauna." Ta ci gaba da jan carbi. "Je ka, Malam, rana tana yi."

*

Rana ta take. Baba Ɗayyabu ya fita titi shi kaɗai, ya bi gefen hagu, tudu bayan tudu, don titunan bayan Sentul cike suke da su. Kowanne ya durƙusa ya duba. Masu kedai suna leƙensa daga cikin shagunan nasu. Wata 'yar China mai sayar da ruwan rake ta miƙo masa kofi kyauta, da alama ta ɗauka ya yar da wani abu mai tsada. Bai ga komai ba. Ya fara tunanin ko Daso ce da gaskiya, ko kuwa idonsa ne ya tsufa ya bar shi. Ya tuna Mubina da mayafi a baki, sai ruwan raken ya yi masa ɗaci.

La'asar ta kawo kai lokacin da ya dawo bayan benen a gajiye. Can tsallaken titi, a bakin lambatu, ya hango guzansa ya fito shan iska. Ya ce bari dai ya gaishe shi, yau bai samu ba. Ya dubi hagu, babu mota, ya sa ƙafa.

Ham ɗin da aka danna masa sai da ya ɗaga hularsa. Babur ne ya taho ta dama, ya goge masa riga, mai shi ya wuce yana zagi da yarensu. Tsohon ya faɗi zaune a tsakiyar titi, zuciyarsa tana dukan haƙarƙari. Hasna ta sha gaya masa: Baba, nan dama ake fara dubawa, motocinsu a hagu suke tafiya. Yakan ce ya ji. Amma wuya ba ya jin magana, inda ya saba nan yake juyawa.

Yana zaune a wurin, sai ya daina jin bugun zuciyar. Ya dubi hannun da ya dafa ƙasa da shi. A kan tudun da ke gabansa, ta ɗaya ɓangaren, wanda bai duba ba duk yini, ga wani ɗan zane siriri, ruwan ɗorawa, kamar an goga alli.

Ya koma ƙofar benen da sauri. A tudun hanyar shiga, ba ta fita ba, ga shi nan. Ya dawo titi. Tudu na gaba, a dama. Na gaba da shi, a dama. Ƙasa ta buɗe baki bayan shekaru tana masa shiru, kuma da Hausa take magana.

Sawun ya ratsa bayan wani wurin ibadar Indiyawa mai gumaka masu launi, ya wuce tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi, ya hau wata doguwar hanya miƙaƙƙiya da ke bin layin dogo, wadda babu tudu a kanta ko ɗaya. Tsohon ya tsaya a bakinta ya lumshe ido. Nan ne muryar ta hau sama jiya. A ƙarshen hanyar, bayan wata rumfar kwano da ciyawa ta cinye, ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, 'Yar Ɗorawa tana kwance. An gyara mata tsayuwa daidai, an rufe gilasai. Furanni sun zubo mata a baya, wata mage tana barci a kan rufinta.

A ƙofar hagu akwai laka. Ya sunkuya. Sawun ƙaramar silifa ne, ƙafa ɗaya tana taka sosai, ɗaya tana ja. Kusa da kowane taki akwai rami zagayayye kamar an danna bakin ƙaramin kofi. Wurin da aka fito daga motar ramukan sun yi yawa, sun hau kan juna, alamar an daɗe ana kokawa kafin a miƙe.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi, ya sa tafin takalminsa ya share su ɗaya bayan ɗaya, ya buga wa Malam Bahauddeen waya ya ce a nemo janwe.

*

Ana gab da kiran magariba aka sauke ta a wurinta. Jama'a suka sake cika ƙasan benen. Har Hajiya Ɗelu ta sa Fa'iz ya sauko da ita, aka ba ta kujerar da Alhaji yake shan shayi a kai.

Alhaji Maitama ya zagaya motar ba ya ko numfashi. Ya leƙa lambar tafiyarta, ya rufe ido. Ya kwanta a ƙasa da jallabiyarsa ya ga haɓarta a ƙuje. Da ya tashi fuskarsa ta fi ta safe duhu.

"Na gode, Baba. Ɓoye ta ya yi kafin masu saye su zo, fetur ya yanke masa." Ya zaro waya. "Magariba ta yi, Malam Bahauddeen."

"Alhaji, ka ba ni aron kunnenka kaɗan," in ji tsohon. "Ni ban san mota ba. Amma wannan tana jan ciki, duk tudun da ta hau sai ta bar fenti. Tun daga ƙofar nan har inda ta kwanta, fentin a hannun dama yake. Ta hanyar shiga ma ta fita. Ga Malam nan, na nuna masa."

"Na gani da idona," in ji Malam Bahauddeen.

"To sai me?"

"Wanda ya ja ta, a dama ya yi ta tafiya, yadda ake yi a gida. Ya zauna ya ji sitiyari a hagu, sai hannunsa ya ɗauka Kano yake. Allah ya taimaka dare ne, titi babu kowa. Ƙasimu kuwa tun zuwansa yake tuƙi a garin nan, ko a mafarki ba zai hau dama ba. Fa'iz bai ma san ana hawanta ba. Wannan hannu ne da ya ƙware a can, bai taɓa riƙe sitiyari a nan ba. Ni ma ɗazu wuyana ya kusa kashe ni a kan haka."

Mubina ta sauke mayafin daga bakinta.

"To wane ne?" in ji Alhaji.

"Sawu aka ce in bi. Ya ƙare a gindin bishiya."

"Ba a yi haka ba, Baba. In ba suna, zancen bai fita daga kan yaron nan ba. Wa ya sani ko wani baƙo ya kawo ya ja masa?"

Tsohon ya sa hannu a aljihu yana murza maɓalli, idonsa a kan silin. Ya ba wa kansa zuwa ƙarshen kiran salla: in ba a yi magana ba, zai yi. Daga masallacin unguwa aka fara kira, muryar tana shigowa ta ramukan iska. Ƙasimu yana kallon wayar da ke hannun Alhaji.

"Giya ta uku tana da tauri, Maitama."

Kowa ya waiwaya. Hajiya Ɗelu ba ta ɗago daga carbinta ba.

"Sai an taka kuloci sau biyu an ba ta ɗan wuta take shiga. Zama ne ya yi mata yawa. Ka sa a duba. Kuma mutum ya ajiye mota kamar wannan da fetur cikin cokali, ai rowa ce."

"Yaya," in ji Alhaji. "Yaya, ke?"

"Shiga ba wuya, faɗawa kawai na yi. Fitar ce na ga tashin hankali. Da fetur ya ƙare na lallaɓo da sandata na dawo kafin asuba, na rataye mabuɗin." Sai yanzu ta ɗago, kuma ba ƙanenta ta kalla ba. "Ƙasimu, zo nan ɗana. Tun safe nake cewa yanzu za a gan ta a rabu da kai, yanzu za a gan ta. Kunya ta riƙe ni, tsohuwa da carbi a ce ta fita yawon dare. Na bar ka ka wuni a wuta, kai da yarinyar nan. Ku yafe mini."

Ƙasimu ya durƙusa a gabanta. Mubina ta zauna a kan bokiti tana kuka marar sauti.

"Da kin faɗa wa wani abu fa?" in ji Alhaji. "Da wata mota ta taho? Jibi fa za a yi miki aiki."

"Shi ya sa. Ƙafar nan tawa ce har jibi." Ta dubi motar, fuskarta ta yi laushi. "Kullum ina baranda ina kallon hanyar can ta bakin dogo. Jiya da ruwa ya ɗauke fitilu suka kwanta a kanta, na ce bari dai in ji. Maitama, da na sa ta huɗu, ban san ina da ƙugu ba."

Alhaji ya dubi haɓar motar, ya dubi sandar yayarsa, da lakar da ta bushe a gindin robarta. A hankali ya mayar da wayar aljihu. Ya je ya kama Ƙasimu ta kafaɗa ya tashe shi.

"Na zalunce ka a gaban mutane. A gabansu nake ba ka haƙuri."

"Ba komai, Alhaji."

"Da komai. Ɗauki matarka ku hau, ta daɗe a tsaye."

Jama'a suka fara motsi za su tafi salla. Baba Ɗayyabu ya bi ta gaban dattijuwar, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ka ga sawun sandata a can, ko?"

"Ruwa ya wanke, Hajiya."

"Yau ba a yi ruwa ba, Malam."

Ya yi kamar bai ji ba. Alhaji Maitama ya ɗauko lulluɓin ya warware, ya tsaya riƙe da shi a kan 'Yar Ɗorawa, bai rufa ba. Fure ɗaya ya maƙale a jikin madubinta. Daso, wadda ta kai bakin lif da kwanonta a hannu, ta juyo.

"Wai ni Alhaji, duk shekarun nan da kake shan shayi a gabanta, kai ka taɓa kai ta giya ta ukun nan kuwa?"

Na'urar tsotse laima tana ta ɗan gurnaninta a lungu. Lif ya buɗe, ya jira, ya rufe babu kowa a ciki.